Na Ce Wa Taubashina Ba Na Jin Hausa

Assalamu alaikum mai shafi, Allah ya ƙara miki haƙurin sauraron damuwar mutane. Ina gaida masu karatu, maza da mata. Don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, sunayen da ke cikin labarin ma duk na canza su. Masu sharhi kuma abu ɗaya nake roƙonku, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san wasunku za su zage ni, ba za ni ce kada ku zaga ba, na riga ku zagin kaina. Amma bayan zagin, wanda Allah ya ba hankali ya gaya mini abin yi.

Ni namiji ne, mutumin Sabon Birni, ina aiki a Isa, a ofishin wata ƙungiya da ke ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da 'yan bindiga suka addaba ta kai su asibiti. Ni ba likita ba ne, ba kuma wani babba ba. Teburin gaba nake zama, in karɓi baƙi, in ɗauki wayar ofis, in haɗa mai kira da wanda yake nema. To wannan ɗan aikin da kuke ji, sai da na sha wuya kafin in same shi. Na gama difloma na yi shekaru ina zaune, duk inda na je neman aiki Turanci ke kayar da ni. A takarda ina iyawa, amma da zarar an ce in buɗe baki sai harshe ya naɗe, gumi ya keto mini. Shi ya sa na shiga ajin wata Malama, tsohuwar sakatariya da ta yi ritaya daga Sakkwato, tana koyar da Turancin ofis bayan la'asar a wani shago kusa da kasuwa. Matar ta san aikinta. Ita ta koya mana cewa kafin ka ɗauki waya ka yi murmushi, don ana jin murmushi a cikin murya. Ba a ce wa mai kira "wane ne kai", sai dai a nemi sanin da wa ake magana cikin ladabi. Ba a ce masa oga ba ya nan a yi shiru, sai a ce za a isar da saƙo. Ba a ɗaukar kiran gida a lokacin aiki. Kuma a ofis ba a faɗin a'a tsirararta, sai an sa mata riga. Ta ce kowa ya riƙa ɗaukar muryarsa a waya yana gwaji, ya saurara, ya gyara. Haka na riƙa yi, in kulle ɗaki, ni ne mai kira ni ne mai amsawa.

Ina da taubashi, ɗan Gwaggona, bari in kira shi Lawwali. Tare muka taso, tare aka yi mana kaciya. Shi bai wuce firamare ba, da damina noma, da rani kabu-kabu, wato haya da babur. Allah ya ba shi baki, in ya sa ka gaba sai ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige, kuma ba ka da ikon fushi, don da ka ɓata rai za a ce ai wasan taubasai ne. Wata rana ya ari wayata zai yi kira, ashe ya ci karo da gwajin nan nawa, ya tura wa kansa. A ciki ina ta maimaita "please hold on", wato ka ɗan jira a kan layi, sai dai lokacin bakina bai saba ba, abin da ke fita shi ne "filis holdon, filis holdon", ga wata 'yar siririyar murya da nake yi wai ita ce ta ladabi. Ban san komai ba sai ranar kasuwa, na zo wucewa ta inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa, na ji muryata tana tashi daga lasifikar mai cajin waya. Mutane sun yi da'ira, wani ya riƙe ciki, wani ya kife kan babur. Lawwali na tsaye a tsakiya, ya cire takalminsa ya kara a kunne kamar waya yana kwaikwayona. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Jama'a ku ba shi hanya, ga Bature nan ya taho! Holdon, mi anka ce a Landan?" Na yi dariyar yaƙe na wuce. Daga ranar sunana ya ɓace a garin. Yara su biyo ni suna Holdon, Holdon. Teburin mai shayi, Holdon. Har yarinyar da nake nema a lokacin, na je zance na aika ƙanenta, ya shiga yana cewa "Yaya, Holdon na sallama", na jiyo ta tana dariya daga cikin gida har da tari. Ban sake komawa ba. Na sami Lawwali na ce masa abin nan ya yi mini ciwo, don Allah ya goge. Ya ce, "Kai tobashi, mutum shina koyon Turanci kuma shina kunyar a ji? To wa za ka yi ma shi, aljanu?" Ya ƙara kunnawa a gabana.

Ban bar ajin ba. Baƙin cikin ma shi ya riƙa tura ni. Na yi ta goge bakina har Malama ta koma tana fito da ni gaba in nuna wa sabbin shiga. Na sami wata murya daban, mai kauri, mai sanyi, a natse, wadda ko mahaifiyata ta ji a waya sai ta tambayi da wa take magana. Da ita na ci intabiyu aka ɗauke ni a Isa. A gida ban taɓa gaya wa kowa ɗaukar waya ne aikina ba, saboda sunan nan, na bar su suna zaton wani jami'i ne ni. Dokar ofishinmu ita ce a ɗauki waya da Turanci, saboda manya na kira daga Abuja da Sakkwato, amma da ka ji mai kira da Hausa yake magana, sai ka juya Hausa nan take. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce doka ta tilasta mini. Ba doka ba ce. Ni ne.

A tsakanin nan Lawwali ya koma ƙauyen mahaifinsa can gaba da Gatawa, shi da Gwaggo da matarsa, wadda za ni kira Luba, saboda gonakinsu na can. 'Ya'yansu biyu, ƙaramar mace ce, ba a daɗe da yaye ta ba. Ƙauyen babu sabis, duk mai son yin waya sai ya hau babur ya tafi wani tudu mai nisa inda ake samu, kuma kowa ya san hanyar tudun nan ba ta da aminci. Ni ma na sani. Damina ta yi tsakiya sai ga kiransa a wayata, ranar hutu ina gida. Ya ce yarinyar ba lafiya, ƙafafu sun kumbura, ba ta cin komai, gashinta ya yi ja. Ya ji an ce ƙungiyarmu na da mota mai zuwa da rakiyar jami'an tsaro ta ɗauki irin waɗannan yara, ita kuwa ba za ta jure babur har gari ba. Har a wannan kiran bai fasa ba, da Holdon ya buɗe, da Holdon ya rufe. Abin da ya kamace ni shi ne in ce to, gobe in shiga wurin Hajiya, wadda ke tsara fitar motar, in gaya mata. Magana ce da ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ba sashena ba ne. Ga lambar ofis, ka kira da safe, akwai mai ɗauka, shi zai haɗa ka da Hajiya."

Da safe wayar ofis ta yi ƙara, na ga lambarsa. Na yi murmushi kamar yadda aka koya mini, na ɗauka da muryar nan, na gaishe shi da Turanci, na tambaye shi da me za a taimaka masa. Ya yi sallama ya fara bayani da Hausa. Na bari sai da ya kai tsakiya, sannan na katse shi cikin ladabi na ce, "Sorry sir, I don't understand Hausa." Na ce masa ba na jin Hausa. Ni, haifaffen Gobir. Ina jin iska na kaɗawa a kan tudun. Sai ya fara harhaɗo ɗan abin da ya tsinta a firamare da bakin fasinja, "My pikin, my small girl, leg big, no chop," yana in'ina, yana komawa baya, yana haɗawa da don Allah. Jama'a, in na ce muku ban ji daɗi ba na yi ƙarya. Wani sanyi ne ya ratsa ni tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na riƙa sa shi yana maimaitawa, in ce ban ji ba, ya sake faɗa, in ce ya faɗi haruffan sunansa ɗaya bayan ɗaya, ya kasa. Da na ƙoshi sai na ce, "Please hold on," tsaf, kowane harafi a mazauninsa, na ajiye wayar a kan tebur na bar katinsa yana ta tafiya. Hajiya na cikin ofishinta, ba nisa da teburina. Da na ga dama na ɗauka, na ce masa tana cikin taro, ya sake kira gobe, mun gode da kira.

Na ce wa kaina sau ɗaya ne, gobe za ni fashe da dariya in ce tobashi an rama. Gobe ta zo, na ji daɗin bai ishe ni ba. Ranar na ce Hajiya ta fita. Wata ranar na ce saƙonsa ya isa, ana dubawa. Wata ranar na ce layi ba kyau, ba na jin sa. In ya kira wayata ta kaina sai in ƙi ɗauka, ai an koya mana ba a amsa kiran gida a lokacin aiki, kuma na san kafin in tashi ya bar tudun. Ko sau ɗaya ban ɗaga masa murya ba, ban gaya masa baƙar magana ba. Duk abin da Malama ta koya mini don in mutunta jama'a, da shi na yanka ɗan'uwana. Ban san yarinyar na kwance ba? Na sani. Ban san kowane kira sai ya bi hanyar nan zuwa da dawowa ba? Na sani. To me na ɗauka zai faru? Wallahi ban tsaya na tambayi kaina ba, abin da kawai nake gani shi ne takalmin nan a kunnensa da mutane suna kifewa kan babura.

Ranar da ya yi kiran ƙarshe, na fara gaisuwata ta Turanci, bai bari na ƙarasa ba. Ya kira sunana. Ba Holdon ba, sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa har na manta. Ya ce, "Na san kai ne. Tun ranar farko na gane ka, ai ko cikin rijiya ka yi magana ina sanin muryarka. Na ƙyale ka ne ka rama, don na san ban kyauta ma ba. Kuma ka rama, wallahi ka iya Turanci, na sallama. Amma wagga ɗiya ta daina kuka, tobashi. Ko kukan ba ta iyawa. Ka yi ma Allah ka miƙa ma Hajiya waya." A nan muryarsa ta karye. Daidai lokacin Hajiya ta fito da jakarta za ta fita, ta tsaya a gaban teburina tana laluben makulli. Hannu kawai za ni miƙa. Amma sai kunya ta rufe ni, ba kunyar abin da na aikata ba, kunyar an kama ni. Ashe duk kwanakin nan da nake jin na danne shi, alfarma yake yi mini? Ashe har a nan ma shi ne a sama? Kuma in na miƙa, ya gaya wa Hajiya tun yaushe yake kira, ina makomar aikina? Na gyara murya, na yi murmushi, na ce, "Sorry sir, wrong number. Have a nice day." Na ce masa ya yi kuskuren lamba, na yi masa fatan wuni lafiya, na ajiye. Hajiya ta ce, "Wane ne?" Na ce wani ne ya ɓata lamba. Ta ce, "Kai dai kana da haƙuri da jama'a," ta fice.

Na ƙudura cewa da ta dawo za ni gaya mata maganar yarinyar kamar yanzu na ji. Ban sani ba ko da gaske na ƙudura, ko yanzu ne nake yi wa kaina ado. Ba ta dawo ba ranar. Washegari da hantsi wani maƙwabcinsu ya kira ni. Lawwali bai isa gida ba. 'Yan bindiga sun tare shi a hanyar dawowa daga tudun, suka harbe shi, suka tafi da babur. Masu dawowa daga gona ne suka gan shi. Har an kai shi makwanci kafin labari ya iso ni. Mai shafi, ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi salati, amma a ƙarƙashin salatin akwai wani ɗan lungu a zuciyata da ya ce, shi ke nan, babu wanda ya sani. Wane irin mutum ne zai ji haka a kan wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya?

Na shiga wurin Hajiya ina kuka, na ce ɗan'uwana ya rasu ya bar yarinya a kwance. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ɗaga waya ta yi magana da direba da masu rakiya. Da gari ya waye mota ta tafi, ta ɗauko yarinyar da Luba da Gwaggo da babban yaron. Abin da Lawwali ya mutu yana nema ke nan, kira ɗaya. An kwantar da yarinyar a Sakkwato, likita ya ce an kusa makara, amma Allah ya yi da sauran kwananta. Yanzu tana nan tana gudu a tsakar gidanmu, domin mahaifina ya ce ƙanwarsa ba za ta koma ƙauyen nan ba, ya ba su ɗaki a Sabon Birni.

To a nan azabar take. Duk ƙarshen mako in na dawo gida, Gwaggo sai ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, tana gaya wa duk wanda ya shigo cewa ni na ceci jikarta, ɗan halak wanda bai yar da zumunci ba. Dangi yanzu Malam suke ce mini. Yaran suna kirana Baba. Luba kuwa, bayan ta fita takaba, wata rana ina zaune a tsakar gida ta kawo mini fura, ta durƙusa gefe ta ce tana da tambaya. Ta ce, "Malam, kai da kake cikin ofishin nan, wane ne wanga mai ɗaukar waya? Kullum in Baban yara ya dawo sai shi ce mutumin ya ce a sake kira gobe. Ni ina kuka, shi ko sai shi yi 'yar dariya shi ce in ƙyale, mutumin kirki ne, wasa shike yi. Wane irin wasa ne da ɗiya kwance? Ran da ya fita na ƙarshe cewa ya yi yau za a gama." Ashe bai gaya mata ba. Lawwali mai bakin nan, wanda bai taɓa riƙe sirrin kowa ba, ya rufa mini asiri har kabari. Na ce mata wani baƙo ne, ba ɗan ƙasar nan ba, an riga an canza masa wurin aiki. Ta ɗaga hannuwanta sama, ba ta yi ihu ba, ta ce, "Ko ina shike, Allah ya isa tsakanina da shi. Yadda ya sa uban ɗiyana bin wagga hanya har ta cinye shi, Allah kada ka ba shi kwanciyar rai, duniya da lahira." Gwaggo daga ƙofar ɗaki ta ce amin. Suka juyo suna kallona. Na ce amin.

Tun daga ranar Luba ba ta fasa ba, bayan kowace salla sai ta ambaci mai ɗaukar wayar, ina jiyo ta ta katanga. A ofis kuma an ɗauki sabbin ma'aikata, Hajiya ta ce ni za ni koya musu ladabin waya, wai ba ta taɓa jin na ɓata wa mai kira rai ba. Na je wurin wani malami a Isa na tambaye shi a kaikaice, kamar labarin wani ne. Ya ce Allah na yafe abin da ke tsakaninsa da bawa, amma haƙƙin mutum sai mai haƙƙin ya yafe, in ya mutu a nemi magadansa. Magadansa su ne waɗannan da nake kwana gida ɗaya da su.

In na faɗa, Gwaggo na da hawan jini, ban san ko za ta tashi daga inda take zaune ba. Mahaifina mutum ne mai zafi, yana iya ɗaga mini nono da bakinsa ko da ba shi ya shayar da ni ba. Luba ba za ta ƙara kwana a gidan da nake ba, kuma ba ta da inda za ta sai ƙauyen da ya ci mijinta. Magana in ta fita sai ta kai ofis, aikin ya tafi, alhali da shi nake ciyar da marayun. In kuma na yi shiru, haka za ni ci gaba da karɓar albarkar da ba tawa ba, ina cewa amin a kan tsinuwar da take tawa, yarinyar nan ta girma tana ce mini Baba. Wani lokacin ma ina tambayar kaina, don su nake son faɗa, ko don in sauke kayan daga kaina in aza musu?

Ban harbe shi ba, na sani. Amma ni na riƙa tura shi hanyar, da murmushi. Jama'a, wanda zai zaga ya zaga, amma don Allah ku amsa mini. In faɗa musu, ko in tafi da maganar kabari kamar yadda Lawwali ya tafi da ita? Me za ni yi?